Darasin Kimiyya ga Yara: Inuwa, Iska da Dabbobi

Iyaye maza da mata, yawancin yaranmu sun yi watanni, wasu ma shekaru, ba su zauna a aji ba. Kafin kowane yaro ya samu gurbi a makaranta, akwai karatun da za mu iya yi da su a ƙofar tanti ba tare da kashe ko sisi ba. Kayan aikin su ne sanda, tsakuwa, gwangwani da tsumma. Ga ayyuka huɗu da muka zaɓo, na 'yan mata da samari duka.

Na farko, sandar inuwa. A kafa sanda a miƙe a fili. Da hantsi yaro ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta, ya sake ajiyewa da tsakar rana, sannan da la'asar. Zai ga inuwar safe doguwa ce tana kallon yamma, ta tsakar rana gajera, ta maraice kuma ta koma gabas. Dalili shi ne haske a miƙe yake tafiya, duk abin da ya tare shi sai ya bar inuwa a bayansa. Da haka malamanmu na dā suke gane zawali da shigar la'asar. Idan aka bar sandar shekara guda, za a ga inuwar tsakar rana tana kallon arewa a Disamba, tana kallon kudu a Yuni. A yankinmu, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, takan kusa ɓacewa don rana na tsaye a kanmu. Hakan na faruwa ne saboda duniya a karkace take da kimanin digiri 23.5 yayin da take zagaya rana, kuma wannan karkatar ce ke kawo sauyin yanayi.

Na biyu, tutar iska da gwangwanin ruwa. A ɗaura tsumma a kan kara, yara su duba kullum inda yake kaɗawa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, ɗauke da ƙurar Sahara. Da damina kuwa daga kudu maso yamma take tasowa, ɗauke da laimar Tekun Atilantika. Idan aka yi ruwa, a auna abin da gwangwani ya tara da tsinke, a ja layi a jikin kwali. Da an gama a zubar da ruwan, don a ruwan da ya kwanta sauro ke yin ƙwai.

Na uku, bakan gizo a roba. A zuba ruwa a roba, a jingina ƙaramin madubi a ciki yana kallon rana, a tara farar takarda ko farin mayafi inda hasken ya faɗa. Launuka za su fito, daga ja zuwa shuɗi. Ruwa ne ya raba hasken rana zuwa launukan da ke cikinsa, kamar yadda ɗigon ruwan sama ke yi. A ja wa yara kunne kada su kalli rana kai tsaye, kada kuma su haska wa junansu madubi a ido.

Na huɗu, kalandar dabbobi. Yara su zana da'ira a kwali, su raba ta damina, kaka, hunturu da bazara, su riƙa zana dabbar da suka gani a kowane lokaci. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina, ta koma kudu idan ruwa ya ɗauke. Kwaɗi da gaiwa sukan shige cikin laka su jira ruwa. Ƙadangare yana shan hantsi don jikinsa ba ya samar da ɗumi kamar namu. Ƙwayar idon kyanwa takan tsuke da rana, ta buɗe da dare.

Kada yaro ya je bakin tafki ko ya fita daga sansani ba tare da babba ba, kuma kada ya taɓa wani ƙarfe da bai sani ba.

Ba sai kun yi boko za ku jagoranci wannan darasi ba. Wanda ya yi noma ko kiwo ya san alamun damina tun kafin a rubuta su a littafi, don haka a sa kakanni su faɗa wa jikoki yadda ake gane su a garuruwanmu. Ku tambayi yaro: me ka gani, me ya sa kake ganin haka ta faru? Ku bar shi ya amsa da kansa. A adana kwalayen, yara su kai wa malamansu ranar da suka koma aji.