Amsar Tambaya: Safar Hannun Ƙaramin Gola

Wani uba daga Zandam ya tambayi irin safar da ta dace da ɗansa mai shekara 11, golan unguwarsu.

Amsa ita ce, ya je da yaron Birnin Kudu a gwada safar a hannunsa. Tsararsa galibi lamba 5 ko 6 ke yi musu, da ɗan sarari a bakin yatsu. Kada mai laushin tafi irin ta golan Kano Pillars ta ruɗe shi: ta filin ciyawa ce, tsakuwar filin makaranta cinye ta za ta yi. Mai kaurin roba ta fi.

Sabuwa a wanke ta da ruwa zalla, a shanya a inuwa, don rana kan tsaga robar. Yaron ya riƙa ɗan jiƙa tafin, musamman da hunturu, yana cafe da ita a atisaye kafin ranar wasa.