DARASI NA GOMA SHA BIYU: TSARA SHAFI DA KWAMFUTA

Duk takardar da kuka gani an buga, ko littafi ce ko kalanda ko katin gayyata, sai da wani ya zauna ya tsara ta kafin ta shiga injin. Shi ya zaɓi girman haruffa, ya ajiye hoto a inda ya dace, ya bar fili a gefe. Wannan aiki shi ake kira tsara shafi. A wannan darasi za ku koyi kalmomin aikin, ku kuma ga abin da Hausa take bukata daga wanda yake yin sa.

Ku da kuke zaune a Fatakwal ko Inugu ko Anaca, wato Onitsha, kun san Hausawa maƙwabtanku ne. Akwai su a kasuwannin shanu da na albasa da tumatir, akwai mahauta da masu canji, kuma a da sun yi shekaru suna sana'ar dabbobi da nama a wajen Trans-Amadi. Mutanen nan suna aure, suna suna, suna taron ƙungiya, suna saukar karatu. Kowace hidima tana son kati ko takardar sanarwa, kuma da yawansu sun fi son a rubuta da Hausa. Ba za su tafi Kano don kati ɗari biyu ba. Shagon kwamfuta na bakin titi za su shiga, inda sau da yawa mai aikin ba ya jin Hausa. Ɗalibin da ya iya harshen, ya kuma iya tsara shafi, yana da abin da maƙwabcin shagonsa ba shi da shi.

Sana'ar ɗab'i ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun ƙarshen shekarun 1940 ƙananan maɗaba'u a Anaca suke fitar da 'yan littattafai masu araha da Turanci, waɗanda aka sani da adabin kasuwar Anaca. Cikin marubutan farko akwai Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921. A Arewa kuwa, an fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A wancan zamani da ƙarfe ake yin haruffa, a jera su layi-layi, a shafa tawada, a danna a kan takarda. Aiki ne mai cin lokaci, kuma sai wanda ya daɗe yana koyo.

Abin ya canza a 1985, lokacin da kamfanin Aldus na Amurka ya fito da manhajar PageMaker. Manhaja ita ce shirin da ake sa wa kwamfuta don ta yi wani aiki. Da ita mutum ɗaya, a kan teburi ɗaya, yake iya yin abin da a da sai maɗaba'a. QuarkXPress ta biyo baya a 1987, CorelDRAW a 1989. Kamfanin Adobe ya sayi Aldus a 1994, ya fito da InDesign a 1999, ita ce kuma ta gaji PageMaker. Akwai Scribus, wadda kyauta ake sauke ta daga intanet. A shagunan Nijeriya CorelDRAW ta fi yawa, kuma tana da kyau ga kati da fosta da allon talla. Amma ga littafi mai shafi da yawa, a ganina InDesign ko Scribus sun fi ta, domin an gina su ne don rubutu mai tsawo da yake gangarawa daga shafi zuwa shafi. Ɗalibin da ba shi da kuɗi ya fara da Scribus. Abin da ya koya a cikinta zai amfane shi a sauran.

Yanzu mu zo ga babbar matsala, wato haruffa masu ƙugiya. Kun koya a darussan baya cewa Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ, manyansu kuwa Ɓ da Ɗ da Ƙ. Akwai kuma 'y, wanda a Jamhuriyar Nijar ake rubuta shi ƴ. Ƙugiyar nan ba ado ba ce, ma'ana take ɗauke da ita. Ku dubi waɗannan: kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, daka da ɗaka, bari da ɓari. A katin biki akan rubuta sunayen manyan baƙi, wato mutane masu daraja da aka gayyata. In ƙugiya ta faɗi, sai a karanta manyan baki, baki kuwa shi ne wanda ake cin abinci da shi. Haka nan wanda ya rubuta za a taru a fada yana nufin gidan sarki. In ya ƙara ƙugiya inda babu, ya kawo faɗa, wato rigima. Mai biki da ya karɓi kati ɗari biyar da irin wannan kuskure ba zai raba su ba. Ko dai a sake bugawa da kuɗin mai shago, ko a rasa mai ciniki da duk 'yan'uwansa.

Kwamfutocin farko ba su san waɗannan haruffa ba. Saboda haka masana suka ƙirƙiro zubin haruffa na musamman. Zubin haruffa shi ne kamannin da aka zana wa haruffa, kamar Times New Roman ko Arial. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka yi wannan ƙoƙari, kuma aikinsa ya taimaki marubuta da yawa. Dabarar ita ce a aro madannin da Hausa ba ta amfani da shi, a ɗora masa harafi mai ƙugiya. In ka danna q sai ƙ ya fito, x ya ba da ɗ, v ya ba da ɓ. Wasu zubin kuwa alamomi irin su } da ] suka ara. Dabara ce mai kyau a lokacinta, sai dai tana da tarko. Idan aka kai fayil wata kwamfuta da ba ta da wannan zubi, sai ƙasa ta koma qasa ko }asa, ɗaya ya koma xaya. Har yau za ku ga irin wannan a wasu rubuce-rubucen Hausa, kuma yanzu kun san dalili.

Maganin abin shi ne tsarin Unicode, wanda aka fara a 1991. A cikinsa kowane harafi na kowane harshe yana da lambarsa shi kaɗai. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɓ 0253, ta ɗ 0257. Manyan kuwa, Ƙ 0198, Ɓ 0181, Ɗ 018A. A cikin Microsoft Word, ku rubuta U+0199, ku danna Alt tare da X, sai ƙ ya bayyana. Wannan hanya ta gaggawa ce. Mai aiki kullum gara ya sa madannan Hausa da suke cikin Windows, ko ya sauke Keyman, wadda kyauta ce. A waya ma Gboard tana da Hausa. Sai dai ku lura, tsohuwar PageMaker ba ta fahimtar Unicode, don haka in kun tarar da ita a shago kada ku ba ta rubutun Hausa na zamani.

Bayan haka sai zaɓen zubi, domin ba kowane zubi ne aka zana masa ƙugiya ba. In babu, manhaja takan nuna ɗan akwati a wurin harafin, ko ta aro shi daga wani zubi, ya fito daban da 'yan'uwansa kamar baƙo a cikin dangi. Charis SIL da Gentium da Noto suna da haruffan duka, kuma kyauta ne. Andika an zana ta ne musamman don masu koyon karatu. Zubin ado masu lanƙwashe-lanƙwashe, waɗanda masu katin aure suke so, su ne suka fi rasa ƙugiya. Kafin ku zaɓi zubi, ku gwada shi da jimla ɗaya: Ɓarawo ya ɗauke ƙarfe. Ku sake rubuta ta da manyan haruffa. In ta fito lafiya, zubin ya ci jarrabawa.

Wani lokaci mai ciniki zai kawo tsohon fayil mai q da x da v. Ana iya gyara shi da umarnin nema da musanyawa, amma a bi a hankali, kalma bayan kalma. Wanda ya musanya duka a lokaci ɗaya zai ga Rivers ta koma Riɓers.

Manhaja tana kuma son raba kalma a ƙarshen layi, kuma da dokar Turanci take yi. A Hausa sh da ts da ky da gw da ƙw kowannensu sauti ɗaya ne, ba a raba su. Ana raba tsuntsu haka: tsun-tsu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a kashe raba kalma gaba ɗaya. Ku duba kuma alamar da take gaban 'y a kalma kamar 'ya'ya, domin manhaja takan juya ta farko ta zama alamar buɗe zance.

Sauran dokokin aikin ba su bambanta tsakanin Hausa da Ibo da Turanci ba. Takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. In an ninka ta biyu ta zama A5. Kowace takarda da aka ninka tana ba da shafi huɗu, saboda haka ɗan littafin da ake ɗinkewa a tsakiya dole yawan shafinsa ya rabu da huɗu. Mai shafi 18 sai ya kai 20. A littafi mai shafi 16, shafi na 16 yana zama kusa da na 1, na 2 kusa da na 15. Jimlar kowane biyu 17 ce. In launi ko hoto zai kai bakin takarda, a ƙara masa milimita 3 a waje, don in wuƙar yanka ta ɗan kauce kada farin layi ya fito. Hoto yana son ɗigo 300 a kowane inci. Wanda aka turo ta WhatsApp yakan rage kyau, sai dai in an turo shi a matsayin fayil. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu, waɗanda ake kira CMYK, shi ya sa koren da yake sheƙi a allo yakan dushe a takarda. Ku sa fayil a CMYK tun farko. Batun wuta kuwa kun fi ni sani: ku riƙa danna Ctrl da S a kai a kai.

Idan aiki ya kammala, kada ku kai wa maɗaba'a fayil ɗin da kuka yi aiki a cikinsa. Ku mayar da shi PDF, ku tabbata an cusa zubin haruffa a ciki. A CorelDRAW ana iya mayar da rubutu zane, ta yadda ba ya bukatar zubi kuma. Amma ku ajiye kwafi na asali, domin zane ba ya gyaruwa kamar rubutu. Daga nan sai bugun gwaji, wato kwafi ɗaya da ake fitarwa don dubawa. Ku karanta shi da ƙarfi, ku bi sunaye da ranaku da ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ku miƙa wa mai aikin cikin ladabi, ku ce, "Alhaji, ga shi a duba," ko "Hajiya, ko akwai gyara?" In ya yarda, ya sa hannu a bayan takardar kafin injin ya tashi.

AIKI

1. Ku gyara wannan sanarwa: Kungiyar mahauta tana gayyatar manyan baki zuwa daurin auren dan shugabanta ranar Asabar da karfe biyu.

2. Ku yi jimla da kowace kalma: maɗaba'a, manhaja, ƙugiya, tawada, bugun gwaji.

3. Ɗan littafi yana da shafi 24. Takardu nawa za a ninka, kuma wane shafi ne zai zauna kusa da na 5?

4. Ku tsara katin suna da Hausa a takardar A5, ku kawo aji mako mai zuwa.