Darasi: Daidaita Kafireta da Wutar Injin Mota

Injin mota mai shan fetur yana bukatar abu uku: fetur, da iska, da wuta. Tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504, suna da kafireta. Aikinta gauraya fetur da iska. Bisa nauyi, kashi 1 na fetur yana son wajen kashi 15 na iska.

In fetur ya yi yawa, baƙin hayaƙi yakan fita, fulogi ya yi baƙi, kuɗinka su ƙone a banza. In ya yi kaɗan, injin yakan mutu da an tsaya.

Wuta kuwa daga fulogi take tashi, kuma tana da lokacinta. In ta yi gaggawa, injin yakan yi ƙara kamar ana bugun ƙarfe. In ta makara, mota ba ƙarfi, injin ya yi zafi.

Ga yadda bakanike yake yi. Da fari ya bar injin ya yi ɗumi. Sa'an nan ya juya distiributa kaɗan, ya daidaita lokacin wuta. Bayan haka ya murɗa sukurun kafireta sannu-sannu, yana saurare, har injin ya riƙa aiki sumul ba a taka totur ba. Wanda ya fara da kafireta, aiki biyu zai yi.

Ku kula: kada a ta da injin cikin rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa yana kisa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin kafireta?
2. Wanne ake fara daidaitawa, wuta ko kafireta?