Darasin Lafiya: Abinci da Motsa Jiki ga Uwargida Ma'aikaciyar Jinya

Darasinmu na wannan fitowar naki ne, ke da kike aikin jinya ko unguwarzoma a asibiti, ga kuma gida a wuyanki. Idan ba ke ba ce, ƙila 'yarki ce, ko ƙanwarki, ko abokiyar zamanki. Ki karanta ki miƙa mata.

Bari mu fara da tambaya. A makon nan mutum nawa kika auna wa hawan jini? To ke yaushe rabonki da auna naki? Hausawa dai sun ce wanzami ba ya son jarfa. Ke ce mai ce wa marar lafiya ya rage gishiri da zaƙi, amma ƙarfe biyun dare na yi sai ga ki da lemon kwalba da cincin, ko ki aika wurin mai shayi a soyo miki indomi. Ba ganganci ba ne, gajiya ce da rashin shiri.

Me ya sa aikin dare ya bambanta?

Jikin ɗan Adam yana da agogonsa. Da dare sinadarin insulin ba ya aiki yadda yake yi da rana, don haka farantin shinkafar da jiki zai sarrafa cikin sauƙi da azahar, idan kika ci shi tsakar dare sai sukari ya fi hauhawa a jini. Ƙarancin barci kuma yana ƙara yunwa da kwaɗayin kayan zaƙi da na maiƙo. Shi ya sa masu aikin dare na shekara da shekaru suka fi shiga haɗarin ƙiba da ciwon sukari. Ba za ki iya sauya jadawalin asibiti ba, amma abin da ke cikin jakarki a hannunki yake.

Shiri tun daga gida

Ranar da aka kafe jadawalin aiki, ki kwafe shi ki manna a kicin. Da shi za ki tsara cefane da girki. Ga yadda za ki bi:

1. Aikin safe: kada ki fita da ciki wayam don kina sauri ki shirya yara. Kunun gyaɗa ko koko da ƙosai uku, ko dafaffen ƙwai, sun isa su riƙe ki.

2. Aikin yamma: ki ci na rana sosai kafin ki fita. Idan kin dawo, ki ɗan taɓa kaɗan kawai, kada ki cika ciki da tuwo ki faɗa gado.

3. Aikin dare: babban abincinki shi ne wanda za ki ci a gida kafin ki tafi. A kula ki zuba mai sauƙi: alale, faten wake, kwaɗon zogale ko na rama, ko nono marar sukari. Ki ƙara da gyaɗa cikin tafin hannu, ayaba, gwanda, karas ko dabino biyu zuwa uku. Daga tsakar dare zuwa asuba ki ci kaɗan-kaɗan in yunwa ta taso. In kin sauka, ki karya da abu marar nauyi don kada yunwa ta katse miki barci.

Ranar hutunki ki gyara wake, ki dafa zogale, ki ajiye. In kuna da wuta ko firji mai riƙe sanyi, miyar kwana biyu ko uku za ta rage miki wahala. In babu, ki ɗauki abin da ba ya saurin lalacewa. Kuma ki sa maigida da manyan yara cikin tsarin. Barcinki na rana bayan aikin dare ba lalaci ba ne, haƙƙin jikinki ne. Ki yi masa bayani cikin lalama a san yadda za a yi da girkin ranar.

Ruwa, shayi da gishiri

Da yawa daga cikinku kuna ƙin shan ruwa don gudun zuwa banɗaki ana tsakiyar aiki. Ƙarshenta ciwon kai da matsalar mafitsara. Ki riƙa tafiya da gorarki, ki ɗaura shan ruwa da lokutan salla da na rabon magani don kada ki manta. Launin fitsarinki zai gaya miki gaskiya.

Shayi, kofi da goro suna ɗauke da sinadarin da ke kore barci, kuma rabinsa yakan rage a jiki bayan kamar awa 5. Ki sha a farkon aiki, ki bari idan asuba ta gabato.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a rana kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Sukari kuwa kada ya wuce kimanin giram 50, alhali robar lemon kwalba mai rabin lita ita kaɗai takan kai hakan. Kin ga kwalba ɗaya ta cinye rabon yini.

Motsa jiki

Na san abin da za ki ce: "Haba, ni da nake yini a tsaye!" Gaskiya ne, amma tsayuwa da kai-komo a ɗakin marasa lafiya sun fi gajiyar da ƙafa da baya, ba kasafai suke sa zuciya ta yi aikin da ake so ba. Shawarar hukumar ta shekarar 2020 ita ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da zai ɗan ɗaga numfashi, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar, kuma kina iya gutsura shi minti goma-goma.

Ba sai kin fita ba. Ki zagaya tsakar gida da sauri, ko ki yi tsallen igiya tare da yara. Ki zauna kan kujera ki miƙe sau 10 ba tare da dafa komai ba. Ki dafa bango ki tura shi sau 10. A wurin aiki ki hau matakala da ƙafa, ki riƙa ɗaga dugadugai in tsayuwa ta yi tsawo don jini ya gudana. Wajen ɗaga marar lafiya, ki lanƙwasa gwiwa ba baya ba, ki kuma kira abokiyar aiki. Ranar da kika sauka daga aikin dare barci ne gaba, motsa jiki sai kin tashi.

Idan kina da juna biyu, ko kina shan maganin sukari ko na hawan jini, ki tuntuɓi likitanki kafin ki sauya tsarin cinki, musamman in azumi ya haɗu da aikin dare.

Aikin gida

A wannan makon ki yi abu uku. Ki sa abokiyar aikinki ta auna miki hawan jini. In ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, ki ga likita. Ki auna ƙugunki da tef ɗin tela. In ya kai santimita 80, ki fara lura. Sannan ki tafi aikinki na gaba da kularki a hannu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma marasa lafiyarki da 'ya'yanki duk suna buƙatarki da ƙarfinki.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.