Amsoshin Tambayoyinku: Da Me Ake Auna Binciken Malami?

Wani mai sauraronmu daga Gulma, kusa da Argungu, yana tambaya: da me ake gane binciken likitan ƙwaƙwalwa ya yi tasiri?

To, malam, ana duba yawan masanan da suka kafa hujja da rubutunsa. Misali, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda aka fi ambata a duniya. A 2020 mujallar Lancet ta buga bincikensa na Ibadan da Kumasi: masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya. A ganinmu, wannan ya fi yawan ambato muhimmanci. Idan kuma akwai mai irin wannan larura a yankinku, a fara kai shi asibitin da ke kusa.