Darasin Lambu: Wake Da Gyaɗa, Takin Da Ake Shukawa

Idan kina da ɗan lambu a bayan ɗaki ko fangali biyu uku a tsakar gida, wataƙila kin lura cewa alayyafon da ya yi miki kyau a shekarar farko yanzu ya fara tsumburewa, ganyen ƙasa-ƙasa yana yin ɗorawa tun bai kai yanka ba. Galibi wannan alama ce ta ƙasa ta gaji, sinadarin da ake kira naitirojin ya yi ƙaranci a cikinta. Shi ne sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, shi ne kuma ake saye da tsada a cikin takin yuriya.

Abin mamaki, kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya ɗibarsa daga iska kai tsaye. Masu iya wannan aiki wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke cikin ƙasa, ana kiransu Rhizobium. Sukan shiga saiwar wake, gyaɗa, gujiya da waken suya, sai saiwar ta yi musu ɗaki, wato wasu 'yan ƙuraje da ke manne a jikinta. Tsiron yana ciyar da su da abincin da ganyensa ya haɗa, su kuma suna sarrafa naitirojin na iska su miƙa masa. Cuɗe ni in cuɗe ki ke nan. Wasu masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su ne suka bayyana wannan sirri a 1886, sannan a 1888 Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayar kanta. Amma kakanninmu da suke rafa wake a tsakanin gero da dawa, suke kuma hana a sare gawo a gona, sun riga sun ga amfanin abin tun ba a san sunansa ba.

Sai dai a kula, ba duk tsiron da ke yin kwanso ne ke wannan aiki ba. Tafasa dangin wake ce amma ba ta yin ƙurajen. Zogale kuwa, duk da alherinsa a tukunya, ba ya cikin dangin ma sam.

Yadda za ki tabbatar da idonki: idan wake ya kai sati biyar zuwa shida, lokacin da ya fara fure, ki jiƙa gindi ɗaya ki tono shi a hankali, kada ki fizge don ƙurajen za su tsinke su zauna a ƙasa. Ki wanke saiwar, ki tsaga ƙurji ɗaya da farce. In cikinsa ja ne ko ruwan hoda, aiki yana tafiya. In fari ne ko kore, to bai fara ba ko kuma ya daina. Kuma ki bambance ƙurji da cuta: ƙurjin kirki a gefen saiwa yake, da kin murza ya fita. Idan saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, wannan aikin wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa ne, kuma suna kama tumatir da kuɓewa, don haka kada ki bi wannan fangali da su.

To ga inda da yawanmu muke yin asara ba mu sani ba. Ana ɗauka da zarar an shuka wake ƙasa ta sha taki ke nan. Ba haka ba ne. Mafi yawan naitirojin ɗin da tsiron ya tara yana tafiya ne cikin ƙwaya da ganye da kara, kaɗan ne ke zama a saiwa. Idan kin roro wake kin dafa, kin tuge harawa da saiwarta kin ɗaure kin sayar, me kika bar wa ƙasa? Gyaɗa ma ta fi, tunda ita ɗungurungum ake cire ta. Waken suya kuwa ƙwayarsa ce ke kwashe kaso mafi tsoka. Haka nan kuma masarar da ke tsaye kusa da wake ba wani abu mai yawa take samu a wannan daminar ba; mai cin moriyar sosai shi ne abin da aka shuka bayansa, lokacin da ganye da saiwa suka ruɓe.

Na san za ki ce harawa kuɗi ce, musamman da bazara, ga kuma awaki a turke. Gaskiyarki. Ba a ce ki hana su ba, amma a yi adalci. In kin gama roro, ki yanke karan daga gindi da wuƙa ki bar saiwar a ƙasa. Ganyen da ya zube kada ki share, kada ki ƙone, domin naitirojin yana bin hayaƙi ne ya tafi. Harawar da kika ba awaki, ki tara kashinsu har da ƙasar turken da ta sha fitsari, ki rufe a inuwa ya ruɓe, sannan ki mayar fangalin da harawar ta fito.

Idan kuwa fangalin ya gaji ainun, ki sadaukar da shuka ɗaya. Ki shuka wake da kauri, da ya fara fure ki sare shi ɗanye ki turbuɗa shi cikin ƙasa, ki riƙa ba da ruwa, ki jira sati biyu zuwa uku kafin ki dasa alayyafo, latas ko masara. Da wuya a sare wake yana fure, na sani, amma gwangwanin iri ɗaya ne kika kashe.

Wajen shuka, ƙwaya biyu a rami, zurfin gaɓar yatsa biyu, tazarar taƙi ɗaya tsakanin rami da rami. Akwai irin wake mai saurin nuna cikin kwana 60 zuwa 70, daga cikin ire-iren Sampea da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru Zariya ta fitar tare da haɗin gwiwar IITA. Kada ki zuba wa wake yuriya. In ya samu naitirojin a banza sai ya rage yin ƙuraje, ya yi ta ganye. Abin da ya fi buƙata shi ne fosfaras, wato takin supa, ɗan kaɗan a gefen rami lokacin shuka. Kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa, don ƙwayoyin nan suna buƙatar iska a cikin ƙasa.

Wake da gyaɗa galibi suna tarar da ƙwayoyinsu a ƙasarmu. Waken suya ne yakan buƙaci taimako a wurin da ba a taɓa shuka shi ba, shi ya sa IITA ta Ibadan ta yi wani gari mai suna Nodumax da ake cakuɗa iri da shi. In kin samu, ki cakuɗa a inuwa ki shuka a ranar, domin ƙwayoyin masu rai ne kuma rana tana kashe su.

Mai fangali uku sai ta riƙa juyawa: wake a ɗaya, ganye a na biyu, tumatir da tattasai a na uku. Shuka ta gaba ganye ya koma inda wake ya tashi, wake kuma ya koma inda tumatir ya tashi.