Ɗalibi Mai Bi da Dokokin Makarantarsa

Karatu: Daniyel 1, 1 Korantiyawa 8, Matiyu 18:15-17, Luka 10:25-37.

Ya kai ɗana, wanda ka tashi a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, iyayenka kuwa suka sayar da shinkafa da ɗan abin da ke garke domin su aike ka jami'a, ga magana gare ka. Ke ma 'yata, maganar taki ce. Ran da ka isa jami'ar masu bi, tun ba a nuna maka ɗakin kwananka ba, za a miƙa maka wani ɗan littafi na dokoki, a ce ka karanta, ka sa hannu. Da yawa sukan sa hannu ba su karanta ba, gama hankalinsu yana wajen gado da akwati. Kada ka yi haka. Sa hannu alkawari ne, Ubangiji kuwa yana jin alkawarin takarda kamar yadda yake jin na baki.

Sai ka fara sanin ko gidan wa ka shiga. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas, su ne Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, da niyyar kawo bishara ƙasashen nan namu. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham kaɗai ya saura, ya koma gida da ciwo, amma bai bar niyyar ba. Daga aikin nan mishan na SIM ya tsiro, daga SIM kuma ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Ita ce ta kafa Jami'ar Bingham a Karu ta Jihar Nasarawa a 2005, asibitin koyarwarta kuwa yana Jos. In can aka kai ka, ko wata mai kama da ita, ka sani ka shiga gidan da wasu suka ba da rai kafin a aza harsashinsa. Baƙon kirki ba ya shiga gida ya fara da gardamar inda aka ajiye randa.

Dokokin irin makarantun nan sun yi kama da juna. A zo sujada a kan lokaci. A kwana a ɗakin da aka ba mutum, kada a fita ƙofar makaranta sai da takardar izini. Ban da giya, da taba, da ƙwaya, ban da ƙungiyar asiri, ban da faɗa. Namiji kada ya shiga ɗakin mata, mace kada ta shiga na maza. A sa tufafi na mutunci. Kada a saci amsa a jarrabawa.

To, in ka duba da kyau, za ka ga ba duka ne nauyinsu ɗaya ba, wajibi ne kuwa ka iya rarrabewa. Waɗansu umarnin Allah ne tun kafin a gina makarantar: ƙarya, da sata, da fasikanci, da maye, zunubi ne a Karu, zunubi ne a Mafara, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Waɗansu kuwa tsarin gida ne kawai. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ƙarfe nawa za a rufe ƙofa ba, bai kuma faɗi launin rigar da za a sa ran Litinin ba. Ga shaida. A Jami'ar Babcock, wadda ikilisiyar Adventist ta kafa a Ilishan ta Jihar Ogun a 1999, ba a dafa wa ɗalibai nama a ɗakin cin abinci, ran Asabar kuma suke kiyayewa. A wata jami'ar masu bi kuwa ana cin nama da godiya, ana sujada ran Lahadi. Da a ce kowane layi na littafin dokoki daga sama ya sauko, da ba a sami wannan bambanci ba.

A nan ne yaro mai wayo yakan yi tuntuɓe. Yakan ce a ransa, tun da wannan doka ta mutum ce, ni kuwa Almasihu ya 'yantar da ni, ina laifina in na tsallake katanga da dare na dawo kafin asuba? Ban sha kome ba, ban taɓa kowa ba.

Bari mu amsa masa da abin da ya sani tun yana ƙarami. Ka ga ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978 bisa Gulbin Sakkwato. Ruwan yana bin babbar hanya, ya shiga ƙanana, har ya kai gonar mutumin da ke can ƙarshe. Akwai ƙofofi, akwai kuma ranar da kowane yanki ke samun rabonsa. Ranar nan ba wahayi ba ce, mutane ne suka shirya ta, suna kuwa iya sake ta. Amma a ce wani manomi na kusa da bakin ruwa ya tashi da dare ya fasa gefen hanya domin shinkafarsa ta sha. Shi bai ga wanda ya cuta ba, gama ruwa yana da yawa a gabansa. Wanda ke ƙarshen hanya ne zai wayi gari ya tarar da fadamarsa ta tsage. Haka dokar makaranta take. Ba domin mai ƙarfi aka yi ta ba, domin na ƙarshen hanya ne.

Wannan ita ce koyarwar manzo Bulus ga mutanen Koranti a kan naman da aka yanka wa gumaka. Ya yarda da masu sani cewa gunki ba kome ba ne, naman kuma nama ne. Duk da haka ya ce shi kansa ya gwammace ya bar nama har abada da ya zama sanadin faɗuwar ɗan'uwa mai raunin lamiri, wanda Almasihu ya mutu dominsa. Kai da ka tsallake katanga ka dawo lafiya, ƙaramin yaron da ke kwana a gadon da ke ƙarƙashin naka ya gan ka. Shi ba shi da irin ƙarfinka. Ran da ya bi sawunka, ba inda ka tsaya zai tsaya ba. Wa za a tambaya?

Ba mu ce kowace doka mai kyau ce ba. Shugabannin makaranta mutane ne, sukan yi kuskure, wani lokaci kuma sukan tsananta a kan ƙaramin abu su yi sakaci da babba. Amma dubi yadda Daniyel ya yi. Shi ma ɗan makaranta ne a baƙuwar ƙasa, an sa masa shekara 3 na koyon harshe da littattafan Kaldiyawa. An sake masa suna, ya yi shiru. An ba shi karatun da ba na kakanninsa ba, ya karanta har ya fi saura. Sai a kan abincin sarki lamirinsa ya tsaya. Ko a nan ma bai zubar da abincin a ɓoye ya yi kamar ya ci ba, bai kuma tara yara su yi bore ba. Ya je wurin mai lura da su a fili, ya yi roƙo da ladabi, ya ce a gwada su kwana 10 da ganyaye da ruwa. In wata doka ta dame ka, hanyar ke nan: ka je da rana, da fuskarka, ka faɗa wa wanda ke da iko ya sake ta. Wanda ya amsa da baki ya karya da dare, ba 'yanci yake nema ba, munafunci yake koyo.

Mu dakata kaɗan a kan satar amsa, gama ita ce zunubin da ɗalibai masu bi suka fi yi wa uzuri. Dokar ƙasa ta 1999 ta mai da ita laifi mai hukunci, amma ba tsoron kotu muke so ya hana ka ba. Sukan kira ta taimako. Sukan ce, ai ƙauna ce in na karkata takardata domin abokina ya gani. Ɗana, ka yi tunani. Abokin nan naka likita zai zama, ko mai jinya, ko mai lissafin kuɗin jama'a. Abin da bai koya ba yau, ba zai sauko masa daga sama ba ran da aka kawo masa mace mai naƙuda da tsakar dare. Takardar shaida magana ce da makaranta ke yi wa duniya cewa wannan mutum ya san abu kaza. In bai sani ba, ka sa makarantar ta yi shaidar zur, sunan Almasihu kuwa yana bisa ƙofarta. In kana ƙaunarsa, ka zauna da shi mako 3 kafin jarrabawa, ku bi littafin tare. Wannan ya fi wuya, shi ya sa masu yinsa kaɗan ne. Haka kuma wanda ya kwafo aikin wani daga intanet ya rubuta sunansa a kai. Ɓarawo ne, ko da mai kayan yana Amurka.

Sauran wata tambaya mai nauyi. In ka ga ɗan'uwa ya karya doka, me za ka yi? Yara suna ƙin mai kai tsegumi, suna da gaskiya kuwa, gama akwai mai kai ƙara domin a yabe shi, akwai mai kaiwa domin tsohuwar gaba. Amma shiru ma ba kullum ne aminci ba. Ubangiji ya shirya mana matakai cikin Matiyu 18. Da fari ka same shi, kai da shi kaɗai. In bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai in ya ƙi wannan ma, sa'an nan maganar ta kai ga manya. Yawancinmu mukan tsallake na farin, gama ya fi sauƙi a faɗa wa mutum 10 a wayar hannu da a dubi idon mutum ɗaya. Sai dai ka lura, in abin ya shafi rai, kamar makami a ɗaki, ko ƙwaya, ko ana tilasta wa wata yarinya, ba a jira. A ranar za ka faɗa.

Ga kashedi kuma ga yaron kirki, wanda bai taɓa makara a sujada ba. Kiyaye doka ba ya ceton kowa. Ana iya cika kujerar majami'a shekara 4 domin ana kiran suna, zuciya kuwa tana nesa. Ceto ta wurin alherin Allah yake, ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu. Doka shinge ce, shinge kuwa ba ya sa gero ya tsiro, dabba kaɗai yake hanawa.

Inda za a gane abin da ka koya shi ne ran da aka ba da hutu, ka sauka a tasha a Talata Mafara. Can babu mai kiran suna, babu mai duba takardar izini. Haka kuma 'yan'uwanka da ba su tafi nesa ba, waɗanda ke karatu a Kwalejin Abdu Gusau a nan gari, ko a jami'ar tarayya ta Gusau: su ba a miƙa musu littafin dokokin masu bi ba, amma abin da Ubangiji ke bi wurinsu bai ragu ba. Masu bi kaɗan ne a ƙasar nan, Jihar Zamfara kuwa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 1999. Maƙwabcinka mai yiwuwa bai taɓa buɗe Linjila ba, amma yana ganin yadda kake gaida tsofaffi, da irin tufafinka, da ko kana biyan bashi. Ka durƙusa ka gaida mahaifinka kamar dā. Kada ka riƙa jefa Turanci a gaban wanda bai ji ba. In ana azumi, kada ka ci abinci a bakin hanya domin ka nuna kai ba a ɗaure kake ba.

Dole mu ambaci abin baƙin ciki da ya faru a garin nan a watan Agusta na 2016. An zargi wani ɗalibi da maganar saɓo, aka yi masa dūka. Wani mutum ya ɗauke shi ya kai shi asibiti. Taron ya juya kan gidan mai taimakon, aka sa wuta, mutum 8 suka rasu. Babu maganar da ta halatta wannan, jinin nan kuwa Allah ne zai bi kadinsa, ba kai ba, saboda haka kada ka bar ramuwa ta yi sheƙa a zuciyarka. Bangaskiyarka kada ka ɓoye ta, in an tambaye ka dalilin begenka ka amsa da tawali'u. Amma gardamar addini ta ba'a, a ɗakin kwana ko a Facebook, ba shaida ba ce, ka nisance ta. Abin da wani ya riƙe da tsarki kada ka taɓa shi da harshen raini.

Sa'an nan ka tuna da mutumin nan da ya sunkuya ya ɗauki wanda aka dūka. Ba wata dokar makaranta da ta umarce shi. Ka karanta Luka 10 a daren nan, ka ga firist da Balawe, waɗanda suka fi kowa sanin dokoki, ta wane gefen hanya suka bi.